Tuwon da Na Tuƙa da Sunan Inna

A gidanmu ni ce mai kai kwano. Tun ina 'yar shekara shida ake ɗora mini shi a ka, in bi ta bayan masallaci, in tsallake kwatar gidan mai niƙa, in shiga lungu na biyu, in miƙa wa Gwaggo. Gwaggo ba ƙanwar Baba ba ce. Ƙawar Inna ce tun suna 'yan mata, amma haka muka tashi muna kiranta, ba kuma wanda ya taɓa gyara mana. Idan Inna ta yi girki mai daɗi, na Gwaggo ake fara zubawa. Idan mijin Gwaggo ya dawo daga gulbi da kifi, kafin magariba farfesu ya iso gidanmu. Akwai kuma dokar da duk macen Gummi ta sani: kwanon da ya zo da abinci ba ya komawa wayam. Ko gyaɗa ce sai an zuba a ciki.

Abin da na sani game da abinci biyu ne, kai shi da cin sa. Na iya ɗaga murfi da yatsa ɗaya ina tafiya, in zare tsoka, in mayar da murfin, miya ba ta ko motsa ba. Amma tuƙi, Allah ya sani Inna ta yi iya ƙoƙarinta. Duk ranar da ta ɗauko muciya ta kira ni, ranar ce malamanmu suka ba mu aikin gida mai yawan da ko shugaban makaranta ba zai gama ba.

Shekarar da sanƙarau ya shigo ina aji ɗaya a babbar sakandare. An yi zafi a bazarar nan har na rantse na ga ƙadangare yana tafiya a kan yatsunsa. Inna ma'aikaciyar jinya ce a asibitin garinmu, kowa Malama yake ce mata. Cikin 'yan kwanaki gadaje suka cika, aka kafa rumfuna a fili, aka riƙa rataye ledar ƙarin ruwa a reshen dogon yaro. Daga ƙauyuka, har ta wajen Bukkuyum, ake kawo yara a kan babur, uba ya rungume ɗansa a baya, kan yaron ya ƙage ya ƙi lanƙwasuwa.

Da farko abin dariya ya zame mana a gida. Inna na shigowa, kafin ta cire takalmi, sai ta ce, “Ku taho. Sunkuya. Haɓa ta taɓa ƙirji.” Haka ake gane wuyan da ya fara sanƙarewa. Ni da ƙannena biyu mu jera muna sunkuyawa kamar masu neman gafara. Da safe a yi, da rana a yi, bayan cin abinci a yi. A watan nan na gaida ƙirjina fiye da yadda na gaida duk dattawan unguwarmu tun haihuwata. Baba ma bai tsira ba. Ya ce mata gemunsa ya riga haɓar isa, a lissafa masa. Ba ta yi dariya ba. Ta ce ya sake.

Wata safiya muna da gwajin lissafi, shaiɗan ya kawo mini shawara, ni kuma ban taɓa ƙin karɓar shawararsa ba. Da Inna ta ce in sunkuya, sai na ƙame wuya, na lumshe ido, na ce, “Inna, ya ƙiya.”

Kofin kunun da ke hannunta ya faɗi. Ba ta yi ihu ba, ba ta kira Baba ba. Ta zauna daɓas a tsakar gida cikin farar rigarta, tana jan numfashi kamar wadda aka tsamo daga ruwa. Na yi ta sunkuyawa a gabanta ina cewa wasa nake, ga shi, ga shi ya taɓa. Na jira mari. Da ta mare ni da na fi jin daɗi. Ta dai dube ni, ta tashi ta sauya riga, ta tafi aiki. Ranar na je makaranta da ƙafata, na faɗi gwajin, ban ma ji zafin faɗuwar ba.

Ranar wata Alhamis farfesun kifi ya zo daga gidan Gwaggo, a cikin kwanonta na samira mai jan fure. Ranar Asabar aka kai autan Gwaggo asibiti. Yaro ne ɗan shekara shida mai surutun tsiya, wanda Inna ce ta karɓi haihuwarsa. Ranar Lahadi da hantsi ya rasu, Inna na riƙe da shi. An ce ta rufe masa ido, ta wanke hannu, ta wuce gado na gaba, don akwai yara da yawa da ke jiran allura. Sai da ta gama aikin ranar ta dawo gida. Ta ɗauki kwanon mai jan fure, ta wanke shi sau uku ina kallo, ta ɗora a saman kabad ɗin ɗakinta.

Ba ta je gaisuwa ba. Baba ya je ya zauna da maza a ƙofar gida. Ni na bi matan maƙwabta na shiga, na durƙusa na ce Allah ya jiƙansa. Gwaggo ta amsa, amma idonta na bayana, a kan ƙofa. Ranar uku ta wuce, ranar bakwai ta wuce. Inna ta daina bin bayan masallaci. Sai ta zagaya ta kasuwa, ta bi ta tashar babura, tafiyar da ta ninka ta da sau uku a cikin wannan rana, don kada ta gifta bakin lungun Gwaggo.

Daga nan ta daina cin abinci sai loma biyu. Ta daina kunna rediyo. Ta daina yi mini faɗa, wanda shi ne ya fi tsorata ni, don na fasa tulu da gangan na tsaya kusa da shi ina jira, ta wuce kamar ba ta gani ba. Wata safiya ta sa farar riga, ta ɗaura ɗankwali, ta zauna a bakin gado da takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu. Na tafi makaranta na dawo na tarar da ita a wurin. Washegari ba ta ma sa rigar ba. Aka wanke rigar aka shanya, ta yi ta kwana a kan igiya.

Baba ya yi abin da ya iya. Ya yi mata addu'a, ya tuna mata cewa kowane rai da ajalinsa. Ta ce, “Na sani.” Ya riƙa sayo mana shinkafa da wake a bakin kasuwa har muka fara kama da wake. Wata abokiyar aikinta ta zo duba ta, ni kuma na ga ya dace in share ƙofar ɗakin a daidai lokacin, shara mai tsawo. Na ji matar tana cewa ita ma takan shige ɗakin ajiyar magani ta yi kuka a bayan kwalaye, ta goge ido ta fito, kuma akwai wani a cikinsu da ya wanke hannu har fatar ta tsattsage. Ta ce ana bukatar Inna. Sai Inna ta ce, “Da hannunta ƙawata ta miƙo min yaron nan. Tac ce, ƙawa, ga ɗanki. Da wane ido zan dube ta?”

A bakin famfo kuwa wani labarin ake yi. Na ji wata na cewa Malama ta zama babbar ma'aikaciya, ta fi ƙarfin zaman makoki. Na ajiye bokiti na tambaye ta ko tana son in gwada mata wuyanta, don na iya. Aka janye ni. Amma a hanyar gida na gane cewa in har matan famfo na faɗin haka, to maganar ta daɗe da isa kunnen Gwaggo. Ƙawancen da ya girme ni yana mutuwa a saman kabad, Inna kuma tana bin sa.

Na yi tunanin zuwa in faɗa wa Gwaggo gaskiya. Amma yarinya ba ta shiga gidan babba ta ce uwata na jin kunyarki. Abin da yarinya ke yi shi ne kai kwano. Kwano kuma ba ya tafiya wayam. To wa zai cika shi? Na duba gidan kaf, na cire Baba, na cire ƙannena, na cire akuya. Ni na rage.

Ranar Laraba bayan azahar, Inna na kwance ta juya fuska ga bango, na taka kujera na sauko da kwanon. Na hura wuta. Wannan kaɗai ya ci rabin ashanar gidan da girar idona ta hagu. Na ɗora ruwa, na zuba garin dawa gaba ɗaya a lokaci guda, don ban ga dalilin da zai sa mutum ya tsaya yana barbaɗawa kamar mai jin tsoron gari ba. Nan take na ga dalilin. Gudaji suka taso, manya da ƙanana, wasu da iyalansu. Na kama muciya na shiga yaƙi. Tukunya ta gudu, na taka ta da ƙafa, ta ƙone ni, na saki, na sake kamawa. Gumi ya zuba a ciki, na ce ya rage mini gishiri, amma duk da haka na zuba gishirin a miya, sau biyu, don na manta na farko. Na san ana sa kanwa a miyar kuka, ban dai san ko nawa ba, sai na yi mata adalci. Miyar ta fito da wani launi da ban taɓa gani a jikin abinci ba.

Na gutsura wa akuyarmu ɗan kaɗan. Ta shinshina, ta dube ni, ta koma ta ci gaba da cin kwali.

Na tsaya da muciya a hannu, na kusa fasawa. Sai na tuna Inna zaune a ƙasa, kunu na bin farar rigarta, saboda wasana. Na ce yau ko duwatsu na dafa sai sun je lungu na biyu. Na malmala abin da ya yarda a malmala, na rufe, na ɗora a ka. Karo na farko a tarihin kai kwanona da ban ɗaga murfi a hanya ba.

Na tarar da Gwaggo a tsakar gida tana tsince shinkafa. Ta rame. Da ta ga jan furen kwanon sai hannunta ya tsaya a cikin faifai.

“Inna tac ce in kawo miki,” na ce, na durƙusa.

“Ita tac ce?”

“Awo, Gwaggo. Tac ce a gaishe ki da haƙuri.”

Ta wanke hannu a hankali, ta buɗe. Ta daɗe tana kallon abin da ke ciki. Ta sa yatsa, tuwon ya ƙi ba ta hanya, ta ƙara ƙarfi. Ta kai baki. Na ga muƙamuƙinta ya gamu da wani gudaji, suka yi gardama, ta haɗiye shi don mutunci. Ta sha ruwa.

“Ɗiya, wa yat tuƙa wanga abu?”

“Inna.”

“Ki ji tsoron Allah.”

“Hannunta ne ya ɗan sauya, Gwaggo. Zahi ya yi yawa bana.”

“Shekara talatin ina cin tuwon uwarki. Ko da ƙahwa ta tuƙa ba ya yin haka. Mi kinka zuba cikin miyag ga, sabulu?”

“Kanwa ce.”

“Ta gari duka?”

Ta rufe kwanon, ta dube ni da kyau, har da girar da ta ƙone. Muryarta ta sauka. “In ke ce kan murhu, to ita tana ina?”

Na shirya ƙarya uku tun daga gida, masu kyau, amma duk suka watse. Na faɗa mata rigar da ke kan igiya, da zagayen kasuwa, da loma biyu, da abin da na ji ina shara. Gwaggo ta dafe baki. Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba.

“Ni ina nan ina cewa hushi take da ni,” ta ce. “Kwana biyu yaron nan na zazzaɓi ina ba shi maganin kanti, ina cewa zahin rana ne. Ta sha hwaɗa min, da an ji ciwon kai a kawo. Na ɗauka ta ƙi zuwa ne don ni na kashe mata ɗa.”

Mai makoki ake zuwa gaisarwa, ita ba ta fita gaida kowa, balle wadda ta ƙi zuwa. Gwaggo ta san wannan fiye da ni. Ta tashi ta zura hijabi, ta ɗauki kwanon da kanta. Na miƙa hannu in karɓa, ta ce, “Bar shi. Wanga shaida ce.” Muka fito. Matan lungu suka bi mu da ido, ita ko waiwaye ba ta yi ba. Ina biye da ita ina lissafin irin dukan da ke jirana.

Ba ta yi sallama a ƙofar ɗaki ba, ta ɗaga labule kawai. Inna ta juyo, ta gan ta, ta yunƙura ta zauna, ta ja mayafi ta rufe fuska.

“Ƙawa, buɗe,” in ji Gwaggo. “Ba ke na zo kallo ba. Ƙara na kawo. Diba abin da anka kawo min da sunanki.”

Ta ajiye kwanon a kan tabarma ta buɗe. Inna ta leƙo ta gefen mayafi. Ta dubi tuwon, ta dubi Gwaggo, ta dube ni a bakin ƙofa.

“Ni na aiko da wanga?”

“Haka ɗiyarki tac ce. Wai zahi ya sauya miki hannu. Ɗanɗana.”

Inna ta gutsura. Ta tauna. Fuskarta ta tattare wuri guda, sai wani sauti ya kuɓuce mata, rabi dariya rabi tari. Daga nan ya juye kuka, irin wanda ban taɓa jin babba ya yi ba. Gwaggo ta zauna a bakin gado ta rungume ta, su biyu suna yi. Na ji Inna na cewa ta yi duk abin da ta sani, ta yi, ta yi. Na ji Gwaggo na cewa ta gani da idonta, ita ce ta makara. Inna ta ce a'a, an kawo wasu da wuri sun tafi, an kawo wasu a makare sun tashi, ita kanta ba ta san yadda abin yake zaɓe ba. Na saki labulen na koma wajen akuya, don a wannan karon ko ni na san shara ba ta dace ba.

Da suka fito, Gwaggo ta karɓe murhu. Ta sa ni kankare tukunyar da na ƙona, tana tuƙa sabo tana yi mini tsiya, wai a kai ragowar nawa a toshe ramukan hanyar Anka. Ta zuba wa Inna a cikin kwanon mai jan fure, ta zauna a gabanta tana ƙirga loma kamar mai ba yaro magani. Inna ta ci bakwai. Ni ma na ƙirga.

Da za ta tafi, na wanke kwanon na kawo mata. Ta ƙi karɓa.

“Ya zamna nan. Ba na son shi a kan wagga yarinya kuma. Ƙawa, ke za ki kawo min shi, da ƙahwarki, da tuwon hannunki. Kuma yaran mutane na can ƙarƙashin rumhwa. Nawa ya tahi. Nasu ba su tahi ba.”

Ba zan ce Inna ta warke a ranar ba, don ba ta warke ba. Washegari ba ta fita ba. Kashegarinsa ta cire rigar daga igiya ta goge ta, ta ninke, ta ajiye. Abokiyar aikinta ta dawo, suka daɗe suna magana, suka shirya cewa za ta fara da rabin yini, kuma duk wadda abin ya cika wa ciki a cikinsu ta samu 'yar'uwarta ta faɗa, a daina ɓuya a bayan kwalaye. Har yau akwai ranakun da Inna ke yin shiru, mu ma mu rage surutu. Har yau idan na ce kaina na ciwo sai haɓata ta gaida ƙirjina.

Ranar Litinin da sassafe ƙamshin miyar kuka ta gaskiya ya tashe ni. Na fito na ga Inna cikin farar riga, takalma biyu a ƙafa, tana rufe kwanon. Ba a kai tuwo da safe, amma ba wanda ya ce mata komai. Na ɗauki jakar makaranta na bi ta a baya, ko da yake makarantarmu ba ta can take ba. A mararraba ta tsaya. Dama hanyar kasuwa ce, hagu bayan masallaci. Ta daɗe a tsaye da kwanon a hannunta. Na matso na ce ko in riƙe mata.

“Ke da kwano kun rabu,” ta ce. “Da la'asar ki same ni a murhu. Kuma kada in ji zancen aikin gida.”

Ta gyara riƙo, ta bi hagu. Ta tsallake kwatar gidan mai niƙa, ta shiga lungu na biyu, na ji ta yi sallama da ƙarfi.